Littafin yara kan gashinmu: a sayo na waje ko a rubuta namu?

Malama_Rabi_Agege
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga magana, ina so waɗanda suka san abin su sa baki. Littattafan yara masu hotuna da ake kawowa daga Amurka da Ingila, waɗanda ke koya wa yarinya son gashinta yadda Allah ya halitta mata, sun fara yawa a shagunan Legas, iyaye kuma na saye. A ganina ba su cika yi wa 'ya'yan Hausawa aiki ba. Gashin da ake zanawa a yawancinsu mai nannaɗe ne sako-sako, yana sauka har kafaɗa. Na yaranmu da yawa a ƙudundune yake, da ya ji ruwa sai ya tsuke ya koma rabin tsawonsa. Sannan yarinyar cikin labarin ita kaɗai ce baƙar fata a ajin Turawa. Yarinyar Agege ko Idi-Araba ba wannan ne damuwarta ba. Abin da ke damunta zafin tsifa, da gorin "kanki ba gashi", da yabon da take ji kullum ana yi wa mai suma har gadon baya. To in makaranta ko ƙungiya za ta fitar da littafi ɗaya na 'yan shekara 4 zuwa 8, me ya kamata ya ƙunsa, kuma ta ina ake farawa?

Abban_Walid
Wa alaikumus salam Malama. Kada dai a watsar da na wajen baki ɗaya, suna da tarihinsu. Tun shekarun 1940 Kenneth da Mamie Clark suka yi gwajin 'yar tsana a Amurka, inda yara baƙaƙe da yawa suka nuna farar 'yar tsana a matsayin kyakkyawa. A 2016 ɗalibai mata suka yi zanga-zanga a wata makarantar sakandare a Pretoria kan dokar gashi. A 2019 sai da jihar Kalifoniya ta kafa doka ta hana nuna wa mutum bambanci a makaranta ko wurin aiki saboda gashinsa. Ciwon da littattafan suke magani ke nan. Namu ciwon daga cikin gida yake fitowa, bakin gwaggo da inna. Don haka labarin da aka ɗauko aka canza wa yarinya suna zuwa Amina bai zama namu ba.

Makitsiya_IdiAraba
Ni dai daga inda nake zaune, ba littafin da zai sa yarinya ta so abin da ke sa ta kuka duk ranar Asabar. In za a rubuta, a rubuta wanda uwa ma za ta koyi tsifa a ciki. Ga yadda ake yi ba hawaye.

Ba a tsefe busasshen kai. A fesa ruwa kaɗan a kan kitson, a shafa man kaɗe da aka murza a tafin hannu har ya narke, a bar shi kamar minti 10. A fara warwarewa daga jela, da tsinken tsifa ko yatsa, ana hawowa zuwa tushe. Duk kitson da aka kwance a warware shi da yatsu nan take, saboda gashin da ya riga ya faɗi yana maƙale a ciki tare da datti. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a gama tsifa a kai yarinya banɗaki kai tsaye a kwara mata ruwa. Wannan mataccen gashin sai ya cukuikuye da mai rai ya dunƙule, daga nan sai almakashi.

Bayan tsifa a raba kan gida 4, in gashin na da cika gida 6, a ɗaure kowanne. Mataji mai manyan haƙora, ba ƙaramin nan na tsaga ba. Hannu ɗaya ya riƙe gashin kusa da tushe don kada jan ya kai ga fata, ɗayan ya taje daga baki zuwa ciki. Wankin ma a cikin kason nan ake yi, ana cuɗa fatar kai da tafin yatsu, ba a tattara gashin sama a dama shi.

Maman_Ilham
Anti makitsiya, karkashi fa? Wasu na cewa yana barin datti a kai.

Makitsiya_IdiAraba
@Maman_Ilham rashin tacewa ne. Cokali 2 na garin karkashi a kofi 2 na ruwan ɗumi, a bar shi ya yi yauƙi, sai a tace da ƙyalle mai laushi, ba rariya ba. Yauƙin ake so, shi ke sa mataji ya zame. In ba a tace ba ɓurɓushin zai maƙale a gashi mai ƙudundunewa, sai an sha wuya kafin ya fita. Kuma a haɗa na rana ɗaya kawai, zafin Legas ba ya barin sa ya kwana. Sabulun salo kuma a narka shi a ruwa tukuna, kada a goga dunƙulen a kai, yana busar da gashi sosai.

Sista_Hauwa_Nas
Bari in ƙara dalilin abin da makitsiya ta faɗa, domin marubucin ya san abin da yake rubutawa. Fatar kai na fitar da maiƙo nata. A gashi miƙaƙƙe maiƙon na gangarowa har jela. A namu, kowace lanƙwasa tana tare shi, shi ya sa jelar ke bushewa, kuma a wurin lanƙwasar ne silin ya fi saurin karyewa. Gashi na tsirowa kusan santimita 1 a wata, na kowa haka yake da ɗan bambanci. Yarinyar da ake cewa gashinta ba ya tsawo, yawanci yana tsirowa ne daga tushe yana karyewa daga baki. Wannan bayani kaɗai in aka sa shi da harshen yara ya fi "ke kyakkyawa ce" sau goma amfani, saboda yaro ba wawa ba ne, yana son dalili.

Abu na biyu, kitso mai tsauri. Alamominsa: ƙananan ƙuraje a layin goshi ko ƙeya, fata ta ɗaga tana sheƙi, yarinya ta kasa kwantar da kai daren da aka yi kitson. In ana maimaita haka gaban goshi ke cinyewa. Da farko yana dawowa in an sassauta, amma in aka ɗau shekaru tushen ya mutu ya bar tabo, babu man da zai tsirar da shi. Kitson da ya sa aka nemi maganin ciwon kai a kwance shi a ranar.

Baban_Shago_Mile12
Ku yi haƙuri, amma wannan ai matsalar waɗanda suka ƙoshi ce. Mutum na fama da kuɗin makaranta da na haya, a ce ya sayi littafin gashi?

Malama_Rabi_Agege
Alhaji, gidan da ba a sayi littafi ba an sayi man miƙar da gashi an shafa wa 'yar shekara 6. Kuɗin na fita ta wata hanya. Kuma kwafi ɗaya a aji ya ishi yara 40 in malama ce ke karantawa.

Sista_Hauwa_Nas
Tunda an taɓo man miƙar da gashi. Kala biyu ne. Akwai mai kostik soda, wadda dai ake haɗa sabulu da ita, akwai wanda ake rubuta wa cewa ba shi da ita, wanda galibi shi ake sayarwa da hoton yara a kwali. Na biyun ma sinadari ne mai ƙarfi, aikinsu ɗaya: karya ɗaurin da ke cikin silin gashi don ya miƙe. Yana ƙona fata in ya daɗe ko in an yi susa kafin a shafa. Kuma inda sabon tsiro ya haɗu da wanda aka miƙar, nan ne gashin ke gutsurewa, shi ya sa da an fara sai a ga dole a ci gaba. Akwai binciken da cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka suka fitar a watan Oktoba 2022 kan mata sama da 33,000, ya nuna masu amfani da kayan miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara sun ninka sauran haɗarin kamuwa da kansar mahaifa. Alaƙa aka gani a manyan mata, ba a ce shi kaɗai ne sanadi ba. Amma wannan bayani na shafin iyaye ne, kada a tsorata yaro da shi a cikin labari.

Ustaz_Obalende
Akwai abin da za a jingina da shi daga addini ba tare da an mayar da littafin wa'azi ba. A Suratur Rum, aya ta 22, Allah ya lissafa saɓanin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinsa. Abu Dawud ya ruwaito hadisin cewa wanda yake da gashi ya girmama shi. Sai kuma hanin ƙarin gashi da ke cikin Bukhari da Muslim, saboda haka mai zane ya kula kada ya zana yarinyar da gashin doki, iyaye da yawa za su ajiye littafin. Ulu da zare malamai sun yi saɓani a kai, a kauce musu ya fi sauƙi. Tambayata: ya za a yi da kan yarinya a buɗe a bangon littafi?

Mai_Zane_Yaba
Malam, wurin da labarin ke faruwa ne zai warware wannan. Tsakar gida ne, ranar kitso, uwa da kaka da makitsiya, yarinya 'yar shekara 5 ko 6 zaune a ƙasa tsakanin gwiwoyin mai kitso. Ba wanda zai ga aibu a nan. In ta fita Islamiyya a zana ta da hijabinta, kuma wannan shafin na da muhimmanci: ta san abin da ke ƙarƙashin hijabin nata ne ko ba wanda ya gani.

Ga inda masu zane ke faɗuwa. Suna zana gashin a matsayin baƙin da'ira kawai, ba tsaga, ba sili. Yaro na gane shuku da kalaba da zanen yawo in an zana su daidai, don haka a zauna wurin makitsiya a ga inda tsaga ke farawa da inda jela ke ƙarewa, da yadda take soke kibiya a kanta in hannu ya cika, da robar mai a gefen tabarma. A nuna gashin a yanayi uku aƙalla: tsefaffe ya tashi, jiƙaƙƙe ya tsuke, da kitsattse. Shafin da uwa ta ja sili ɗaya ya miƙe ya ninka tsawonsa, ta saki ya koma, shi ne shafin da yara za su ce a sake karantawa.

Kuma don Allah kada jarumar ta fi kowa haske a gidan. Ana yin haka ba da sani ba, hannu ne ya saba. In ƙawar da ke mata gori aka yi baƙa wuluk, ita kuma jaruma fara sol, an rusa littafin tun kafin a karanta kalma ɗaya.

Hajiya_Bilki_Ijora
Maganar hijabi ta tuna min. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuni 2022 cewa ɗalibai Musulmi na da 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, kan yarinya na iya wuni a rufe daga safe har bayan Islamiyya. Ga zufa ga laimar garin nan. A shafin iyaye a rubuta: kada a rufe kai da danshi, wari da amosani ke biyo baya. Hular ciki ta auduga na tsotse mai, mai santsi ta fi. Kada robar hular ta zauna daidai layin goshi kullum a wuri ɗaya. In an dawo gida a buɗe kan ya sha iska. Kuma yawan man da ake laftawa a Kano lokacin hunturu ya yi yawa a nan, rabinsa ya isa.

Abban_Walid
Maza fa? Duk maganar ta mata ce.

Sista_Hauwa_Nas
@Abban_Walid na maza makero ne babbar matsalarsu, kuma shi ma gori ne a makaranta. Ana ɗaukar sa ta aska, injin aski, mataji da hula. Man shafawa kaɗai ba ya kashe shi saboda yana cikin silin gashi, sai maganin sha na makonni 6 zuwa 8 da likita zai rubuta. Amma wannan littafi ne daban. In aka cusa komai a guda ɗaya zai koma takardar asibiti.

Danladi_Shomolu
To bari ma'aikacin ɗab'i ya yi magana kafin ku gama zane ku zo mana da abin da ba zai bugu ba.

Shafuka 32 ne ma'aunin littafin hotuna. In da waya za a ɗinke shi a tsakiya, dole adadin ya rabu da 4, ba shafi 30 ba 34. Shafi na 1 suna, na 2 bayanan haƙƙin mallaka da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, na 3 sadaukarwa, labari daga 4 zuwa 29, wato buɗi 13 (kowane buɗi shafi biyu ne masu fuskantar juna), sai 30 da 31 na iyaye, 32 a bar wa yarinya ta zana kanta. Takardar ciki mai sheƙi giram 135 ko 150, bango giram 300 da leda a kai. Leda mai sheƙi ta fi ga yara, ana goge ta, marar sheƙin tana nuna sawun yatsa a kan launi mai duhu, musamman hannun da ya taɓa man kaɗe.

Babban abin da ke lalacewa a irin wannan littafi fuska ce. Mai zane ya yi aiki a allon kwamfuta da RGB, wato tsarin launin allo, launin ruwan ƙasa ya fito da kyau. A zo bugawa da CMYK, wato tawada kala huɗu ta injin ɗab'i, tawada ta bazu a takarda, fuska da gashi su haɗe su zama baƙi ɗaya, ido da haƙora kawai ake gani. Littafin da aka yi don yarinya ta so kamanninta ya fito da ita ba kamanni. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Maganinsa: a juya zuwa CMYK tun farko, jimillar tawada huɗun kada ta haura 300 cikin ɗari ko a wuri mafi duhu, fata a yi ta da haske fiye da yadda ido ke so a allo, a sa layin haske tsakanin goshi da gashi. Hotuna dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, a bar milimita 3 a kowane gefe don yanka. Kafin a buga duka, a nemi gwajin shafi 2 mafi duhu a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita, a duba shi a hasken rana.

Adadi kuma: kwafi 50 ko 100 a yi da DI, wato injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta. Babban inji sai in za a yi 500 zuwa sama, domin A4 mai shafi 32 a injin da ke ɗaukar shafi 4 a fuska ɗaya farantin bugu 32 yake buƙata, na bango 4, kuma kuɗin faranti ɗaya ne ko kwafi 100 za a buga ko 2,000. Wayar ɗinki kuma a tambayi irinta, ta banza na tsatsa cikin damina ɗaya a Legas.

Mai_Zane_Yaba
Oga Danladi ya manta da haruffa. Ɓ, ɗ da ƙ ba kowane salon rubutu ke da su ba. Sai a buɗe fayil a wata kwamfuta su koma akwati, ko ƙugiyar ta fito da wani salo daban a tsakiyar kalma. Salon rubutu mai suna Andika, na ƙungiyar SIL, kyauta ne, don masu koyon karatu aka ƙera shi, yana da su duka. A tura PDF da haruffan a ɗaure a ciki. Girman rubutu 18 zuwa 20, baƙi zalla, ba haɗin launi huɗu ba, in ba haka ba faranti ya ɗan goce rubutu ya yi inuwa.

Danladi_Shomolu
Gaskiya ne. Kuma wanda ya iya Hausa ya duba gwajin ƙarshe, yaran shago a nan ba za su ga bambancin k da ƙ ba.

Maman_Ilham
To wai da wane harshe ma? Yaranmu na nan suna jin Hausa amma ba sa karanta ta. Turanci suke yi a makaranta, ga Yarbanci da dokar jiha ta 2018 ta wajabta. In Hausa zalla ne, uwa ce kaɗai za ta karanta.

Malama_Rabi_Agege
Ai ita ake so ta karanta, Maman Ilham. Gorin da Hausa ake yin sa, lallashin ma da Hausa ya kamata ya zo. Kuma uwar da ta karanta wa 'yarta shafin tsifa da bakinta, da wuya gobe ta finciki kan.

Abban_Walid
Ni ina ganin harshe biyu. Hausa a sama da manyan haruffa, Turanci a ƙasa. Makarantun kuɗi ba za su sayi Hausa zalla ba, kuma su ne masu sayen kwafi 50 a tashi ɗaya.

Mai_Zane_Yaba
Harshe biyu na cin wurin hoto. Buɗi 13, kalma 30 a kowanne, kusan kalma 400 ke nan. In an ninka, to kowane harshe kada ya wuce 250. Zai yiwu, amma marubucin ya yarda a yanke masa.

Lauya_Sadiq
Abu biyu na doka. ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun sa, kuma dokarsa ta 1970 ta ce mawallafi mai zaman kansa ya ajiye kwafi 3 na duk abin da ya buga. Na biyu, a rubuta yarjejeniya da mai zane kafin ya fara: hotunan sayar da su ya yi gaba ɗaya ko izinin bugu ya bayar, kuma na bugu nawa. Rigimar littafin hotuna daga nan take tashi in an zo bugu na biyu. Fassara littafin waje kuma ba tare da izinin mai shi ba keta haƙƙi ne ko da kyauta za a raba. @Baban_Shago_Mile12 dandalin African Storybook na da labaran yara da Hausa kyauta, lasisinsu ya yarda a sauke a buga. In ƙungiyar ta so, nata ma za ta iya sakin sa haka, wanda ba shi da kuɗi ya karanta a waya.

Hajiya_Bilki_Ijora
Mu koma kan tambayar Malama, me labarin zai ƙunsa. Abin da ban so shi ne ƙarshen da gashin yarinya ya yi tsawo, ko ta ci gasar kyau, kowa ya dawo yana yabo. In haka ne an gaya mata mai gorin na da gaskiya, jira kawai za ta yi. Gashin ya ƙare da tsawon da ya fara. Kuma kada a mayar da mai dogon gashi muguwa, akwai 'ya'yanmu Fulani da Shuwa a aji ɗaya, su ma littafin nasu ne.

Ustaz_Obalende
Kuma kada mai gorin ta zama gwaggo a fito da ita a wulaƙance. Littafin da ya koya wa yaro raina babba ba zai shiga Islamiyya ba. Kaka ta gyara mata magana cikin raha, ya wadatar.

Malama_Rabi_Agege
A nan ne na ɗan saɓa da Malam. In babba ne ke faɗin maganar a zahiri, littafin ya nuna babba ce ta faɗa, ba zagi ba raini. In aka ɗora wa wata yarinya a makaranta, iyaye za su karanta su ce ba da su ake ba.

Makitsiya_IdiAraba
Ku dai ku sa kwanakin kitso a shafin iyaye: na yarinya ƙarama mako 2, in ya daɗe 3, kuma a bar kan ya huta kwana 1 ko 2 kafin sabo. Makarantun da ke yanka salon kitso kowane mako su ne ke wahalar da goshin yara, tsifa da kitso sau 4 a wata. Gashin gaban goshi kanana a bar su, ba dole sai an kama kowane sili ba.

Danladi_Shomolu
Abin da kuka lissafa na iyaye, tsifa, karkashi, hijabi, man miƙarwa, kwanakin kitso, ba zai shiga shafi 2 da harshe biyu ba. Ko ku tafi shafi 36, ko shafin iyaye ya zama Hausa zalla, ko a buga shi a cikin bango gaba da baya, wanda zai ƙara faranti. Ku yanke wannan kafin mai zane ya fara, don girman littafin ma bai tsaya ba: A4 ne ko murabba'i? Murabba'i ya fi kyau a hannun yaro amma yana zubar da takarda wajen yanka.